Shin Ko Kun San? Haɗiya da Magana Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki

Shin ko kun san duk sanda mutum ya haɗiyi wani abu, numfashinsa na ɗan tsayawa? Maƙogwaro ya ɗago sama, wani ɗan marfi ya rufe hanyar iska, loma ta wuce. Shanyewar ɓarin jiki da cutar Parkinson suna iya dagula wannan tsari, kuma ga da yawa daga cikin masu lalurar, ruwa zalla ya fi kunu haɗari, domin yana da gudu, yakan riga marfin rufewa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wasu ko ƙwarewa ba sa yi. Ruwan ya zarce huhu ba tari ba komai, bayan kwanaki sai zazzaɓi da ciwon huhu. Ku saurari muryar Baba bayan ya kurɓi ruwa. In ta fita kamar mai kurkurar maƙogwaro, ko kuka tarar da tuwo maƙale a kumatunsa, ko yana ta rama alhali ana ba shi abinci, a kai shi a duba haɗiyarsa. Kada a ɗura masa komai yana kwance. A zaunar da shi sosai, a riƙa wanke masa baki, don ƙwayoyin cutar baki ma suna bin yawu su gangara huhu.

Masu duba haɗiya sukan haɗa abinci da sinadarin bariyum, su kalli tafiyar loma a hoton asibiti mai motsi. Har ma'aunin kauri na duniya gare su, daga mataki na 0 zuwa na 7. Sirinji mai cin mililita 10 ake cikawa, a bar shi ya tsiyaya daƙiƙa 10, abin da ya rage ya nuna kaurin abin shan.

Shin ko kun san kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye suna samun matsalar magana ko fahimtarta? A 1861 likita Paul Broca na Faransa ya ga wani majinyaci da ya shafe shekaru ba ya iya furta komai sai "tan". Da ya rasu aka duba ƙwaƙwalwarsa, aka ga lahani a gefen hagu. Mutumin yana gane abin da ake faɗa masa. Don haka ku daina tattauna zancen Inna a gabanta kamar ba ta wurin. Kalmomi ne suka ƙwace mata, hankalinta na nan. Ku yi mata tambaya ɗaya, ku jira amsa.

Wani wanda ya kasa haɗa jimla yana iya rera waƙa! A kan haka likitoci a Boston suka gina hanyar koyar da magana da karin murya a 1973, kuma waƙa ta taimaki Gabby Giffords, 'yar majalisar Amurka a lokacin, bayan an harbe ta a ka a 2011.

Masu Parkinson kuwa muryarsu ce ke dusashewa, su kuma suna jin kamar daidai suke magana. Akwai horon ɗaga murya da aka tsara musu: zama 16 cikin makonni 4, awa guda kowane zama, da aikin gida kullum.