Frisk: Kalmar da ta tashi daga tsallen ɗan rago ta sauka a ƙofar jami'an tsaro

Duk ma'aikacin da ke shiga Sakatariyar Tarayya ko Majalisar Dokoki ta Ƙasa a Abuja ya san tsayuwar da ake yi a bakin ƙofa, hannuwa a buɗe, jami'i yana lalube aljihu da ƙugu. Turawa suna kiran wannan aiki "frisk". Sai dai asalin kalmar ba shi da wata alaƙa da tsaro.

Ma'anarta ta farko ita ce tsalle-tsalle cikin wasa da annashuwa, irin na ɗan rago ko ɗan maraƙi da ya ƙoshi da nono. Ta shigo Ingilishi ne daga tsohuwar kalmar Faransanci "frisque", wadda ke nufin mai kuzari da walwala, kuma tun farkon ƙarni na 16 ake amfani da ita a matsayin aikatau. Daga gare ta aka samu sifar "frisky", wadda ake yi wa doki ko yaro mai yawan zumuɗi. Tana da 'yan uwa a ma'ana: "caper" ta samo asali daga sunan akuya a Latin, "gambol" daga kalmar ƙafa a Italiyanci, "frolic" kuwa daga kalmar farin ciki a harshen Holan.

Zuwa ƙarshen ƙarni na 18 sai kalmar ta shiga bakin ɓarayin Ingila, inda ta koma nufin caje aljihun mutum. Saurin da ƙafa ke yi a wasa, shi hannu ya ara.

A Amurka ta samu mazauni a shari'a. A 1968 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar John Terry da jihar Ohayo, cewa ɗan sanda na iya shafa saman tufafin mutum don neman makami idan yana da ƙwaƙƙwaran dalilin zargin cewa yana ɗauke da shi. A birnin New York an tsayar da mutane fiye da sau 680,000 a 2011 kaɗai, akasarinsu baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka, har a 2013 wata kotun tarayya ta ce yadda ake gudanar da tsarin ya saɓa wa kundin tsarin mulki.

Ga mai rubuta wa shugabansa takarda ko fassara rahoton tsaro, bambancin yana da nauyi. "Frisk" shafa ce ta sama-sama don makami, "search" kuma bincike ne cikakke, wanda doka ta fi gindaya wa sharuɗɗa. A nan gida, Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta tanadi a binciki wanda ake zargi cikin mutunci, kuma namiji ya binciki namiji, mace ta binciki mace, sai dai in akwai larurar gaggawa. Wanda ya musanya kalmomin biyu a takardar umarni zai iya ba jami'in bakin ƙofa ikon da ba a nufa ba.