Yadda Taurari Ke Bayyana Tarihin Ƙananan Galaksi

Galaksi shi ne tarin taurari da iskar gas da ƙura waɗanda ƙarfin jan juna ya ɗaure wuri guda. Mafi yawansu ƙanana ne, waɗanda masana ke kira wadanni, domin wasunsu taurari dubbai kawai gare su, alhali Milki We, wanda rana take cikinsa, yana ɗauke da taurari fiye da biliyan 100. An daɗe da sanin cewa manya suna haɗiye ƙanana, kamar yadda Milki We yake yayyaga wadan Sajitariyus da aka gano a 1994, amma abin da ya fi wuyar tabbatarwa shi ne ko wadannin ma sun taɓa haɗiye na ƙasa da su.

Hujjar tana cikin tsarin taurarin, domin idan galaksi biyu suka haɗu, tazarar da ke tsakanin taurari takan sa ba sa karo da juna, saboda haka baƙin taurari sukan daɗe suna riƙe da salon tafiyarsu da sinadaran da aka haife su da su. Tauraron da ya samu tun farkon zamani yana da ƙarancin baƙin ƙarfe, tun da sai bayan manyan taurari sun fashe suka watsa irin wannan sinadari cikin gas. A wadan Skolto, wanda Harlow Shapley ya ba da labarinsa a 1938, taurari masu ƙarancin ƙarfe sun bazu zuwa gefe, masu ɗan yawansa kuwa sun cunkushe a tsakiya. Wannan kaɗai bai isa a yanke hukunci cewa ya haɗiye wani wada ba, domin gas yana iya taruwa a tsakiya ya haifi sabbin taurari ba tare da wani baƙo ya shigo ba.

Shaidar wadan Andiromeda II ta fi ƙarfi, domin yana juyawa a kan layin tsawonsa, abin da ba a saba gani ba, kuma a 2014 aka gano jerin taurari masu tafiya tare a cikinsa, waɗanda ake ɗauka saura ne na wani wada da ya narke. A 2012 kuma an ɗauki hoton irin wannan jeri a gefen wadan NGC 4449.

Irin waɗannan alamu suna da dusashewa ƙwarai, shi ya sa masana suke sa rai ga cibiyar hangen taurari ta Vera Rubin da ke Chile, wadda ta fitar da hotunanta na farko a watan Yunin 2025.