Ruwa, keke da gudu: su wa ke tallafe da ƴan tiriyatlon?

Tun wasannin Olimpik na birnin Paris a 2024, inda aka nuno maza da mata suna faɗawa kogin Seine, su fito jiƙe sharkaf su haye keke, su sauka kuma su kama gudu, ake ta yi mana tambaya a kan wannan wasa. Wasu don mamaki suke tambaya. Wasu kuwa da dalili: ɗansu ko ƙanensu da ke Faransa ko Beljiyam ko Amurka ya fara turo hotuna a WhatsApp da matsattsun kaya da hular keke, gida kuma ana cewa wannan yaro aiki ya je yi ko wasa?

Sunan wasan tiriyatlon. Wasa uku ne a jere ba hutu: ninƙaya, tseren keke, sai gudu da ƙafa. Agogo ba ya tsayawa ko lokacin da mutum ke canja takalmi. A Olimpik, inda wasan ya shiga tun gasar Sidni ta 2000, ana ninƙayar kilomita 1,5, a yi 40 a keke, a rufe da gudun kilomita 10. Akwai ƙarami na masu farawa, rabin wancan: mita 750 a ruwa, kilomita 20 a keke, kamar daga Damagaram zuwa Mirya ke nan da ɗan ƙari, sai gudun kilomita 5. Akwai kuma babban, wanda ake kira Ironman, ma'ana mutumin ƙarfe: kilomita 3,8 a ruwa, 180 a keke, 42 a ƙafa. Ku auna: Yamai zuwa Doso kusan kilomita 140 ce. Ka ƙara 40 a kai, ka sauka daga keken, sannan a ce maka yanzu ne za ka fara gudu. Ana ba mutum awa 17 ya gama.

Waɗanda muka gani a Paris, irin su Cassandre Beaugrand ta Faransa da Alex Yee na Ingila da suka ci zinari, sana'arsu ke nan, da ita suke ci. Amma ba su ne suka fi yawa ba. Mafi yawan masu shiga gasannin nan ƴan sha'awa ne: malamin makaranta, direba, ma'aikaciyar likita, ɗan kasuwa, tsoho mai ritaya. Ba a biyansu ko dala, su ne ma ke biya. Ana raba su rukuni-rukuni bisa shekaru, biyar-biyar, ta yadda ɗan shekara 52 zai auna kansa da tsararsa. A kansu muke son yin magana yau.

Wasan ma a hannun irinsu ya fara. A watan Satumba na 1974 wasu ƴan kulob ɗin gudu na San Diyego a Amurka suka shirya na farko, mutum 46 suka shiga. Ƴan shekaru bayan nan, a wani tsibiri na Hawai, gardama ta kaure tsakanin abokai a kan wa ya fi juriya, mai ninƙaya ko mai gudu ko mai keke. Wani hafsan sojan ruwa, John Collins, da matarsa Judy suka kawo shawarar a haɗe manyan gasanni uku na tsibirin a rana ɗaya a gani. Ranar 18 ga Fabrairu 1978 mutum 15 suka tashi, 12 suka kai ƙarshe, Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin awa 11 da minti 46. A wannan rana kowa da mutanensa ke bin sa da ruwa da abinci. John Dunbar, wanda ke kan gaba lokacin da aka fara gudu, ruwan mutanensa ya ƙare, sai suka riƙa miƙa masa giya. Na biyu ya zo. Tun ran farko ke nan aka ga cewa ƙarfin ƙafa kaɗai ba ya kai mutum.

Yau doka ta canja, kuma nan ne abin ya ba mu sha'awa. A dogayen gasanni na ƴan sha'awa, ranar tsere kai kaɗai ne. Matarka ba za ta miƙa maka gorar ruwa daga bakin hanya ba, abokinka ba zai bi ka da babur ba. Ruwa da abinci sai a wuraren da masu shirya gasa suka tanada. A kan keke ma an hana ka laɓewa bayan wani don ya tare maka iska, abin da ke rage wa na baya wahala sosai. A gasar Ironman sai ka bar tazarar mita 12 tsakaninka da na gabanka, in ba haka ba alƙali ya tsayar da kai na wasu mintoci. Taya ta fashe, kai za ka gyara. Abin da aka yarda kawai shi ne abokin tsere ya ba ka ɗan ƙaramin abu, kamar famfo ko tub ko abin ci.

To tunda ranar gasa an ɗaure hannun kowa, duk taimakon da za a yi wa mutum sai a yi shi kafin ranar, wata da watanni. Shi ya sa ba kasafai za ka ga ɗan tiriyatlon ba shi da ƙungiya ba.

Mu fara da ruwa, don nan ne maganar rai take. Da yawa daga cikin masu shiga wasan da girmansu suka koyi ninƙaya. Koyo a kwamin wanka na siminti, mai layi a ƙasa da bango kusa, daban yake da faɗawa tafki ko teku inda ba ka ganin ƙasa, ruwa da sanyi, mutum ɗari na dukan ruwa kewaye da kai, wannan ya shure ka wancan ya haye ka. Tsoro kan kama har wanda ya iya, numfashi ya sarƙe. Yawancin mutuwar da aka samu a gasannin tiriyatlon a ɓangaren ruwa ta faru, sau da yawa daga matsalar zuciya da mai ita bai san da ita ba. Don haka dokar da kowace ƙungiya ke nanatawa ita ce kada a shiga buɗaɗɗen ruwa mutum ɗaya. Ana shiga biyu-biyu, kowa na lura da ɗan'uwansa, kowa ya ɗaura wata jakar iska mai launin lemo a ƙugu don a hango shi daga nesa, wani kuma ya tsaya a gaɓa yana ƙirga kawuna. Wanda ke tsaye a gaɓar nan ya bar nasa atisayen ne na ranar. Mako mai zuwa wani zai tsaya masa. Duk wanda ya tashi kusa da gulbi ya san dalilin wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Keke kuma maganar kuɗi ce. Keken tsere mai kyau yana iya fin sabon babur tsada, rigar roba ta shiga ruwan sanyi da kuɗinta, kuɗin rajistar babbar gasa kaɗai yakan wuce euro 500, wato sama da jikka 300 na CFA, ban da mota da masauki. Yaya ƙaramin ma'aikaci zai yi? A nan ƙungiya ke shigowa. Tsohon keken wani shi ne sabon wani. Ana aron riga, ana sayar wa juna kayan hannu da rahusa, mutum huɗu su haɗa kuɗin mai su tafi gasa a mota ɗaya, su kwana ɗaki ɗaya. A kowace ƙungiya akwai wanda ya iya gyaran sarƙa da birki, garejinsa ya zama fadarsu. Ranar Lahadi suna fita tafiyar awa uku ko huɗu, kuma abin da aka hana ranar gasa shi ake yi a nan: mai ƙarfi ya shiga gaba ya fasa iska, in ya gaji ya koma baya wani ya karɓa. In an hau tudu, na gaba su jira na baya a sama. Ƙungiyoyi da yawa suna da ƙa'idar cewa ba a barin kowa a hanya.

Amma in kun tambaye mu, abin da ya fi keke da riga tsada shi ne lokaci. Mai shirin babbar gasa yakan yi awa goma ko fiye na atisaye a mako, ga aiki ga iyali. Daga ina awannin za su fito? Daga barcin asuba, daga hutun rana a wurin aiki, daga ranar hutu da ya kamata a zauna da yara. Mutum shi kaɗai, ƙarfe biyar na safe cikin sanyin Turai, da wuya ya bar bargo. Amma in ya san wani na tsaye a mararraba yana jiransa, kunya kaɗai ta tashe shi. Masu ƙananan yara kan yi karɓa-karɓa: yau ni zan riƙe naka da nawa ka je ruwa, jibi kai ka riƙe. Manomanmu da suka san gayya ba za su ga baƙon abu a nan ba.

Daga nan zumuncin kan tsallake wasa. Mutanen da ke awa huɗu gefe da gefe a kan keke, ba abin da ba sa faɗa wa juna. Nan ake jin wane aikinsa ya tsaya, wance mahaifiyarta ba lafiya, wane aurensa na rawa. Wanda ya ji ciwo, gwiwa ko kafaɗa, ya yi wata uku ba ya fita, shi ya fi shiga haɗari, don an cire masa abin da ke riƙe da makonsa. Ƙungiya mai hankali ba ta barin sa ya ɓace: a ba shi agogo ya riƙa ɗaukar lokaci, a sa shi tuƙa motar ruwa, a biya ta gidansa bayan atisaye. Ga baƙo a ƙasar mutane, wanda daga aiki sai ɗaki, daga ɗaki sai waya, irin wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutum zai iya shekara biyar a gari bai san gidan kowa ba, sai ya shiga kulob ya samu wanda zai raka shi likita ko ya nuna masa inda ake neman aiki.

Ba za mu ce abin duka zuma ne ba. Ƙungiyar da ke tashin mutum da asuba ita ce kuma ke sa shi ganin kekensa ya tsufa don na abokinsa sabo ne. Akwai manhajar waya, Strava, inda kowa ke ganin kilomitar da kowa ya yi, sai wanda jikinsa ke neman hutu ya ƙi hutawa don kada a ga ya yi sanyi, har ya ji wa kansa ciwo. Akwai kuma wadda ba a sa wa lambar yabo: matar gida, ko mijin, da ke riƙe da yara duk Lahadi. Masu wasan da kansu suna yi wa irin waɗannan laƙabi da zawarawan tiriyatlon, da wasa ake faɗa amma akwai gaskiya ciki. Mu a ganinmu, ɗan'uwa da ke ƙetare in ya samu abin da ke gyara masa jiki ya kuma fitar da shi daga kaɗaici, gida bai kamata a yi masa gori ba. Amma in kuɗin keke ya fara cin kuɗin hatsin damina ko na makarantar ƙanne, to ya san ya karkace, kuma abokan kirki su ne na farko da za su gaya masa cewa tsohon keke ma yana kai mutum ƙarshe.

Akwai lokacin da taimako da doka suka yi karo a idon duniya. A Satumban 2016 a Kozumel ta ƙasar Meziko, Jonny Brownlee na Ingila yana kan gaba, saura ƴan mitoci ɗari, zafi ya buge shi ya fara tangaɗi kamar zai faɗi. Wansa Alistair, da ke biye, ya rungumo shi, ya ja shi har layi, ya tura shi ya tsallake. Henri Schoeman na Afirka ta Kudu ya wuce su ya ci gasar. An yi ta muhawara, daga baya hukumar wasan ta duniya ta hana ɗan tsere ya ja ko ya tura wani gaba. Waɗannan ƙwararru ne, amma darasin zafin na kowa ne, mu da ke cikin rana mun fi kowa saninsa: in abokin gudunka ya fara layi, maganarsa ta rikice, shi ba zai gane ba, kai za ka tsayar da shi, ka kai shi inuwa, ka jiƙa masa jiki, ka nemi likita. A doguwar tafiya kuma ruwa zalla da yawa ba gishiri shi ma yana kayar da mutum, shi ya sa suke tuna wa juna cin abu mai gishiri a hanya.

Inda doka ta buɗe ƙofa shi ne ga masu naƙasa. Makaho yana tsere da ɗan jagora: igiya ta haɗa su a ruwa da wajen gudu, keke kuma mai mazauni biyu. A Amurka, Dick Hoyt ya yi shekaru yana shiga gasa da ɗansa Rick wanda ba ya iya tafiya, ya ja shi a ƙaramin jirgin roba, ya ɗauke shi a gaban keke, ya tura shi a kujera. A 1989 sun gama Ironman na Hawai. A Nuwamban 2020 a Fulorida, Chris Nikic ya zama mutum na farko mai larurar da ake kira Down da ya gama wannan nisa, da ɗan rakiyarsa a gefe, saura ƙasa da minti 15 lokaci ya cika.

Wannan awa ta ƙarshe ita masu wasan suka fi ba da labari. Zakarun sun gama tun da rana, sun yi wanka sun ci abinci. Amma wajen sha ɗaya na dare filin ya sake cika, ana kiɗa ana buga allunan gefen hanya, don masu shigowa yanzu su ne kaka mai jikoki, da mai ƙiba da ya fara shekara biyu da suka wuce, da wanda ya tashi daga jinya. A Hawai zakarun kan dawo bakin layi su rataya wa na ƙarshe lambarsu. Bayan layin kuma akwai ƴan sa-kai, da yawansu ƴan kulob ne da ba su shiga gasar bana ba, aikinsu kawai su tare wanda ƙafarsa ta ƙi ɗaukarsa kafin ya kai ƙasa.

Ga wanda ke ƙetare yake son gwadawa, ba sai da babbar gasa ake farawa ba. A fara ganin likita ya duba zuciya, a nemi kulob na unguwa, a shiga ƙaramin nisa da keken aro. Gasanni da yawa ma suna karɓar mutum uku a matsayin ƙungiya ɗaya: wanda ya iya ruwa ya yi ninƙaya, ya miƙa wa mai keke abin ɗaukar lokaci da ake ɗaurawa a idon sawu, shi kuma ya miƙa wa mai gudu.