HAYAR ƊAKI A ZONGO: WATA ƊAYA, WATA SHIDA KO SHEKARA BIYU?

Duk wanda ya taɓa neman ɗaki a Nima ko Maamobi ya san tambayar farko da mai gida kan yi, tun kafin ya ji sunanka: shekara nawa za ka biya? Idan ka ce ɗaya, sai ya ce akwai wanda ya zo da biyu. Haka magidanci zai kwashe adashinsa, ya ci bashi wajen 'yan'uwa, domin ɗaki ɗaya a gidan da mutane da yawa ke layin famfo guda.

Abin da jama'armu da dama ba su sani ba shi ne, dokar ƙasa ba ta yarda da wannan ba. Dokar Haya ta 1963, mai lamba 220, ta raba 'yan haya gwargwadon tsawon zaman da aka yi yarjejeniya a kai. A sashe na 25 ta ce idan hayar ta wata-wata ce ko ƙasa da haka, bai halatta mai gida ya nemi adibas da ya wuce na wata 1 ba. Idan kuwa zaman ya wuce wata 6, iyakar abin da zai nema shi ne kuɗin wata 6. Ke nan ko yarjejeniyar shekara 2 kuka yi, wata 6 za a biya a gaba. Wanda ya nemi fiye da haka ya yi laifi, kuma kotu na iya cin sa tara. Sai dai ɗakuna sun yi ƙaranci a Accra, masu nema sun yi yawa, kuma ba mai son kai ƙarar mutumin da yake roƙo ya ba shi makulli.

Tsawon adibas yana jawo wasu kuɗaɗen. Dillali bisa al'ada yana karɓar kashi 10 cikin 100 na duk abin da aka biya, ban da kuɗin kai mutum ya ga ɗakin. A ce ɗaki sidi 300 ne a wata. Na wata 6 ya kama 1,800, la'adar dillali 180. Na shekara 2 kuwa 7,200 ne, dillali ya tashi da 720, alhali tafiya ɗaya ya yi da kai. Wannan ya sa ba za ka taɓa jin dillali yana tuna wa mai gida dokar wata 6 ba.

Amma a faɗi gaskiya, dogon adibas ba sharri ba ne zalla. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 54 cikin 100. Wanda ya riga ya biya shekara 2 kafin lokacin ya kwana da sauƙi, domin ba a ƙara masa ko kwabo ba har wa'adinsa ya cika, yayin da mai biyan wata-wata yake fargabar kowane ƙarshen wata. Wahalar tana zuwa ne idan aiki ya ɗauke ka zuwa Kumasi ko Tamale, ko zama da maƙwabta ya ƙi. Yawanci mai gida ya riga ya sa kuɗin a bulo da siminti, sai ya ce ka jira sabon ɗan haya ya shigo kafin a mayar maka da ragowar.

To, idan wa'adi ya cika fa? Nan ne ake yawan zaluntar mutane. Cikar wa'adi ba ta ba mai gida ikon fitar da kayanka waje, ko cire ƙofa, ko yanke maka wuta ba. Muddin kana biyan haya kana kiyaye sharuɗɗa, doka tana kare zamanka, kuma fitar da kai sai da umarnin kotu. Sashe na 17 ya jera dalilan da kotu ke karɓa, kamar bashin haya da ya wuce wata 1, ko damun maƙwabta, ko mai gida yana bukatar ɗakin don kansa ko iyalinsa. Idan rushewa zai yi ko sake gini, sai ya ba da sanarwar wata 6 a rubuce. Ofishin gwamnati da aka sani da Rent Control ne ke fara sauraren irin wannan rigima, shi ne kuma ke kimanta haya idan an yi saɓani kan ƙari.

Mu a Zongo mun saba da yarjejeniyar baka, a gaban malami ko mai unguwa, a yi fatiha a tashi. Dokar Filaye ta 2020 ta amince da hayar baka idan ba ta wuce shekara 3 ba. Fiye da haka sai an rubuta. Amma ko ta wata 6 ce, a rubuta, a karɓi rasit. Gidajenmu da yawa na gado ne, ranar da tsohon ya rasu magada ba su san wata fatiha ba. 'Yan'uwanmu na Nijar da Nijeriya da ba su da takardar zama ɗan ƙasa kuma su lura: Tsarin Mulkin 1992 ya kayyade musu hayar fili ko gida zuwa shekara 50 a lokaci guda.

A 2023 gwamnati ta ƙaddamar da shirin tallafin haya, inda ake biya wa mutum adibas kai tsaye ga mai gida, shi kuma ya riƙa biya wata-wata. Sharaɗin shi ne katin Ghana da shaidar kuɗin shiga. Mai albashi zai kawo takardarsa. Mai sayar da waake a bakin titin Nima, da mahauci, da ɗan dako a kasuwa, su ne suka fi bukata, su ne kuma shaidar ta fi yi wa wuya.