An Ɗaga Mota Sama, Farfela Ta Fara Kuka

A Amurka akwai mutanen da nishaɗinsu shi ne hawa duwatsu da mota. Suna taruwa a wurare irin su Moab a jihar Utah da hanyar Rubicon a Kalifoniya, yawancinsu da Jeep da aka canza wa sifirin aka ɗaga ta sama domin manyan tayoyi su samu gurbi. Mai kuɗi yana miƙa motarsa ga kamfani. Mai ƙaramin ƙarfi shi ne bakanikensa, shi ne mai waldarsa, kuma da zarar ya gama ɗagawa ya hau titi, sai ya ji wata karkarwa tana tasowa daga ƙarƙashin kujera.

Farfela ce ke ƙorafi, wato doguwar sandar da ke kai ƙarfin inji daga giyabos zuwa aksul. Idan aka ɗaga mota ta hanyar sifirin, giyabos yana bin jikin mota ya yi sama, aksul kuwa yana nan ƙasa tare da tayoyi. Dole farfela ta karkace, kuma gajeriya ta fi shan wahala. A ce tsawonta inci 60 ne, ɗagawar inci 4 ba za ta ƙara mata ko digiri 4 ba. Idan inci 15 ce, ƙarin ya kai digiri 15. Shi ya sa Jeep Wrangler samfurin TJ, wadda aka ƙera daga 1996 zuwa 2006, ta yi ƙaurin suna a wannan matsala, don farfelarta ta baya guntuwa ce ƙwarai.

A kowane bakin farfela akwai kuros, ƙarfen nan mai hannu huɗu da ke ba ta damar juyawa a karkace. Yana da wani hali da masanin Ingila Robert Hooke ya nazarta tun ƙarni na 17: idan yana aiki a karkace, ba ya miƙa juyi daidai yadda ya karɓa. A kowane zagaye ɗaya farfela tana ƙara sauri sau biyu, tana ragewa sau biyu. A digiri 10 bambancin bai wuce kashi ɗaya da rabi cikin ɗari ba, amma a digiri 30 yana kai wajen kashi 15. Dabarar masu ƙera motoci ita ce sanya kuros biyu, na biyun ya goge abin da na farkon ya ɓata. Sharaɗi biyu ne: karkatar su biyun ta zo ɗaya, kada tazarar ta wuce digiri ɗaya, sannan kunnuwan da ke riƙe su su kasance a kan layi guda. Duk gyaran da za a yi, na Dala goma ne ko na ɗari biyar, wannan daidaito ake nema a dawo da shi.

Mafi arha shi ne a sassauto da akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya, a cusa ƙarfe mai kaurin inci ɗaya tsakanin firam da farantin da ke ɗauke da shi. Yana aiki a ƙaramar ɗagawa, sai dai mutum ya mayar da wani ɓangare na tsayin da ya kashe kuɗi ya samu. Masu mota mai sifirin na falle-falle, kamar Wrangler YJ da ta gabaci TJ, suna cusa ƙarfe mai tsini kamar bakin gatari tsakanin sifirin da aksul don su juya hancinsa. A nan ƙarfe na gaske ake so, na alminiyam yana fashewa.

Idan ɗagawar ta kai inci 4, waɗannan ba sa wadatarwa. Sai a koma ga farfela mai kuros biyu a manne a bakin sama, masu goge wa juna kuskure nan take. A nan ƙa'ida ta juya, kuma nan ne mutane da yawa ke ɓata: yanzu hancin aksul zai kalli akwatin kai tsaye, a bar shi a sunkuye da digiri ɗaya ko biyu, domin yana ɗagowa idan an taka totur. Sabuwar irin wannan farfela tana da tsada, don haka masu tsimi suna zuwa wurin sayar da gwangwan su ciro farfelar gaba ta Jeep Cherokee XJ, a rage mata tsawo. Wasu har yanke bakin sandar da ke fitowa daga akwatin suke yi, su huda ta, su yi mata zare, su ɗaura faranti da noti. Wannan yana ƙara wa farfela wurin miƙewa, amma ramin da ya kauce daga tsakiya ko kaɗan zai dawo da karkarwar da ake gudu.

Akwai kuma masu haɗa farfela da bututu biyu masu kusurwa huɗu, ɗaya yana zamewa cikin ɗaya. A kan dutse, inda mota ke rarrafe, tana da ƙarfi kuma ba ta cin kuɗi. A kan kwalta kuwa ganganci ne. Mota mai taya inci 33 da giyar aksul 4.10, idan tana gudun kilomita 100 a awa, farfelarta na juyawa kusan sau 2,600 a minti. A irin wannan juyi ɗan lanƙwasar da ido ba ya gani yana cinye boris, yana yaga sil, yana iya fasa akwatin. Idan kuros na gaba ya tsinke, bakin farfela yana faɗowa ya caki titi. Zoben ƙarfe da ake kewaya ta da shi don ya tare ta bai kai kuɗin taya ɗaya ba.

Zancen bai tsaya a Amurka ba. Hilux da Land Cruiser da ake ƙara wa fallen sifirin domin lodi, a Agadez ko a Kano, su ma tsayinsu yana canzawa, musamman idan ba kaya. Farfelarsu doguwa ce, don haka abin ya zo da sauƙi, amma kuros da ke mutuwa bayan 'yan watanni alama ce. Wani lokacin ma laifin ba na ɗagawa ba ne: an raba farfela gida biyu an mayar ba tare da an yi mata shaida ba, kunnuwa sun saɓa.

Ma'aunin kusurwa yana cikin kusan kowace babbar waya a yau. A auna kafin ɗagawa, a sake aunawa bayanta, motar na tsaye a kan tayoyinta a wuri mai shafe. Sassauto da akwati, cusa ƙarfe da ɗaura zobe duk ana iya yinsu a gida. Yanke farfela da haɗa ta kuwa, a kai wa mai injin feƙe ƙarfe wanda zai yi mata balansin, ko da kuɗinsa ya fi na mai walda na bakin hanya.