Maɗinkan Jijiyar Ƙafa

Idan kitse ya toshe babbar jijiyar da ke kai jini ƙafa, tafiya takan fara gagara, sannan zogi ya hana barci, daga baya yatsa ya yi baƙi. Masu ciwon sukari da mashaya taba su suka fi faɗawa wannan hali. Aikin likitan tiyatar jijiyoyin jini shi ne ya yi wa jinin ratse, ya haɗa sabuwar hanya daga saman toshewar zuwa ƙasanta. Kafin ya taɓa wuƙa, sai ya yanke shawarar abin da zai yi hanyar da shi.

Kayan aikin iri biyu ne. Na farko yana jikin majinyacin: doguwar jijiyar safinas, wadda ta taso daga idon sawu ta bi ta cinya har matsematsi. Ita mayar da jini zuciya take yi, kuma in an cire ta jijiyoyin can ciki sukan wadatar. Likitan Faransa Jean Kunlin ne ya fara wannan aiki da ita a 1948. Na biyu na masana'anta ne: bututun Dacron, wanda Michael DeBakey na Amurka ya ɗinka na farkonsa da keken ɗinkin matarsa a shekarun 1950, da na roba, PTFE, da ya shigo a shekarun 1970.

Gwani yakan fara da sikanin, ya bi jijiyar yana zana ta a fata da alƙalami. Yana son faɗinta ya kai milimita 3, ba kumbura, ba tabo. A ɗakin tiyata sai ya fito da ita a hankali, ya ɗaure rassanta ɗaya bayan ɗaya, ya cika ta da ruwa ya ga ko za ta yi yoyo. Cikinta akwai ƙananan murafai masu barin jini ya bi gefe guda kawai, don haka ko ya juya ta kai ya koma ƙasa, ko ya bar ta a mazauninta ya tsaga murafan. Sannan ɗinki: zare kamar gashi, da tabarau mai ƙara girma.

Jijiyar jiki ta fi ƙarko, musamman ƙasa da gwiwa inda hanyoyin suke sirara. Wani bincike na Frank Veith da abokan aikinsa a 1986 ya nuna cewa a aikin da ya gangara ƙwauri, kashi 49 cikin 100 na jijiyar suna buɗe bayan shekara 4, na roba kuwa kashi 12 kacal. Ga shi ƙwayoyin cuta in sun kama roba, galibi sai an cire ta. Amma roba na da ranarta. Wani an riga an ɗauki jijiyarsa don tiyatar zuciya, wani tsufa ba zai bar shi ya jure dogon aiki ba. In ratsen sama da gwiwa zai tsaya, bututun na iya biyan buƙata.

Ta fuskar kuɗi, jijiya kyauta ce, sai dai tana cin lokaci da ƙarin yanka, kuma raunin kan yi jinkirin warkewa. Bututun kuwa daga waje ake shigo da shi, farashinsa na bin dala, kuma a Najeriya yawanci dangi ne ke biya daga aljihu.

Sana'ar ba ta da sauƙi. Bayan shekara 6 a makarantar likitanci akwai wasu shekarun na ƙwarewa, ga tsayuwar sa'o'i, ga kiran tsakar dare in jini ya daskare a sabuwar hanya. Majinyata da yawa kuma sai ƙafa ta ruɓe suke zuwa, lokacin da yankewa kaɗai ta rage. Wanda aka yi wa aikin a kan lokaci, saura nasa: barin taba, shan magani, da komawa sikanin a kai a kai, domin ƙuncin da aka gano da wuri ana gyara shi kafin ya toshe.