Sunan 'ya mace a Khartum da Omdurman: abubuwa 12 masu ban mamaki

A Khartum da Omdurman ba a zaɓar wa jaririya suna shi kaɗai. Sai an jera shi da na uba da na kaka an ji yadda ya zauna a baki, sannan a gwada shi da na yayyenta. Dalili kuwa shi ne, da wannan jerin za a kira ta tun daga ajin farko har ranar da za a yi mata sutura. Ga kaɗan daga cikin abubuwan da ke tattare da al'adar, da wuraren da ta yi kama da tamu ta ƙasar Hausa.

1. Suna huɗu a takarda ɗaya

Yawancin mutanen Sudan ba su da sunan zuriya guda irin na Turawa. Abin da hukuma ke nema a fasfo da katin ɗan ƙasa shi ne suna huɗu: naki, na mahaifinki, na kakanki, da na mahaifin kakanki. Shahararriyar mai zane Kamala Ibrahim Ishaƙ, wadda aka haifa a Omdurman a 1939, ita ce Kamala, Ibrahim ubanta, Ishaƙ kakanta. Saboda haka mai zaɓen suna ba ya tunanin kalma ɗaya da za ta biyo baya. Maza uku yake sauraro a jere.

2. Aure ba ya taɓa shi

Mace ba ta ɗaukar sunan miji. Fatima Ahmad Ibrahim, mace ta farko da ta shiga majalisar dokokin Sudan a 1965, matar shugaban ƙwadago Shafi'i Ahmad Shaikh ce, wanda gwamnatin Numairi ta rataye a 1971. Da aurensa da takabarsa, har rasuwarta a 2017, ba a taɓa sanin ta da wani suna ba sai na mahaifinta da kakanta, irin wanda ɗan'uwanta, mawaƙi Salah Ahmad Ibrahim, yake ɗauke da shi. Ka ji suna biyu na ƙarshe sun zo ɗaya, to ka san uba ɗaya ne.

3. Gidajen da sunansu ya daskare

Akwai 'yan gidaje da jerin ya tsaya a kan mutum ɗaya saboda girmansa. Maryam Sadiƙ al-Mahdi, ministar harkokin waje a 2021, 'yar tsohon firaminista Sadiƙ ce, shi ɗan Siddiƙ, ɗan Abdurrahman, ɗan Muhammad Ahmad Mahdi wanda ya rasu a 1885, kuma hubbarensa ke Omdurman. A ƙa'ida, sunan Mahdi ya isa faɗowa daga jerinta, amma ba wanda zai sauke shi. Haka gidan Mirgani na shugabannin ɗariƙar Khatmiyya. Haka gidan Babikir Badri, wanda ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a a 1907, ɗansa Yusuf kuma ya kafa kwalejin mata ta Ahfad a Omdurman a 1966.

4. 'Yan'uwa masu amsa-amo

Nan ne gwanintar iyaye take. Gidan da 'yar fari ta zama Amani, kada ka yi mamaki ka tarar da Tahani a bayanta. Inda aka fara da Najwa, akwai alamar Salwa da Nashwa suna tafe. Nawal takan ja Manal da Amal, Samira ta ja Munira da Amira.

Wasu kuma ba ƙarshen suna suke bi ba, farkonsa da ma'auninsa suke kallo. Akwai zubin Ikhlas, Ihsan, In'am, Ilham da Ikram, akwai kuma mai ɗan tsawo: Intisar, Ibtisam, I'timad, I'tidal. Matan birni da aka haifa a tsakiyar ƙarni na 20 zuwa shekarun 1970 sun cika da irinsu, har ka kan iya kintatar shekarun mace daga sunanta. Wahalar tsarin ɗaya ce: idan Allah ya ba mutum 'ya'ya mata shida, amon yakan ƙare kafin haihuwa ta ƙare, sai auta ta tashi da suna dabam. Kano da Zariya ma yanzu sun kama hanyar, ga su Nabila, Jamila da Fadila a gida ɗaya.

5. Mace ɗaya, sunan jam'i

'Yan Sudan ba sa rowa wajen fata. Maimakon ni'ima ɗaya sai su ce Ni'imat, maimakon kyau ɗaya su ce Mahasin, maimakon baiwa ɗaya su ce Mawahib. Haka Awatif, Ahlam da Masha'ir, duk jam'i ne. Ni'imat Abdullahi Muhammad Khair ita ce mace ta farko da ta zama alƙalin alƙalan Sudan, a watan Oktoba na 2019. Wani abin lura kuma: harafin da muke furtawa da ƙ, su da g suke faɗinsa. Ruƙayya tamu Rugayya ce a can, Bilƙisu kuwa Balgis.

6. Sarauta tun daga zanen goyo

Sunayen kakanni mata na bakin Kogin Nilu kirari ne sukutum. Sittal Banat, uwargijiyar 'yan mata. Sitt Abuha, uwargijiyar babanta. Sittana, uwargijiyarmu. Haddaz Zain, iyakar kyau. Akwai Madina da Makka da Haram, don begen wurare masu tsarki, akwai Khadmalla, baiwar Allah. Marubuciyar nan ta El Obeid da ake lissafawa cikin matan farko da suka rubuta ƙagaggen labari a Sudan, sunanta na yanka Malkat ad-Dar, wato sarauniyar gida. 'Yan zamani sun ɗan guje su, amma idan kaka ta rasu ana so a mayar da ita, dole ɗaya ya dawo, sai a nema wa yarinyar laƙabi. Mu ma haka muke yi, mu sa sunan uwa sannan mu ɓoye shi a bayan Ummi ko Mama.

7. Bit wane, Wad wane

A bakin tsofaffi, mace 'yar ubanta ce ko da ta yi jikoki: Bit wane. Namiji kuma Wad wane, shi ya sa ake da garin Wad Madani da unguwar Wad Nubawi a Omdurman. Tsohuwar nan mai kaifin baki ta cikin fitaccen littafin Tayyib Salih na 1966, Bit Majzub kawai ake ce mata. Shi kansa Omdurman, wata ruwaya ta mutanen gari tana cewa sunan wata mata ne da ake yi wa alkunya da ɗanta, Umm Durman.

8. Tagwaye

Mu muna da Hassana da Husaina, da Gambo mai bi musu. A Sudan ana iya raɗa wa tagwaye suna da tagwaitakar kanta: namiji Attom, mace Attoma. Camfin ma ya bambanta. A ƙasar Hausa an daɗe ana cewa tagwaye na iya tura wa wanda ya ɓata musu rai kunama. A arewacin Sudan da kudancin Masar kuwa, tsofaffi kan ce kurwar tagwaye tana shiga kyanwa ta yi yawo da dare.

9. Wadda ta zo bayan rashi

Idan uwa ta binne ɗa sannan ta sake haihuwa, Bahaushen da yakan sa suna na nuna halin ko-in-kula, irin su Ajuji, Ayashe ko Abarta, wai don mutuwa ta kau da kai. Ɗan Sudan yakan nufi godiya kai tsaye: Awad ga namiji, Awadiyya ga mace, ma'ana Allah ya musanya. Sunan ya zaga duniya a 2016, lokacin da Amurka ta ba Awadiyya Mahmud Koko, jagorar ƙungiyar mata masu sayar da shayi da abinci a titunan Khartum, lambar yabo ta jaruman mata.

10. A'ishar da ƙabila ta zame wa suna

Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya yi gabas da jama'arsa, suka zauna kusa da Sennar a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Kafin su da bayansu, dubban maniyyata masu tafiyar ƙasa sun yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Mutanen ƙasar suka haɗa Hausa da Fulani da Barebari suka kira su Fallata.

Cikin zuriyarsu aka sami A'isha Musa Ahmad, haifaffiyar Kassala, wadda iyayenta suka fito daga ƙasar Sakkwato. Ita ce mace ta farko da ta rera waƙa a gidan rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940, ta yi da Larabci ta yi da Hausa, 'yar'uwarta Jiddawiyya tana kaɗa mata garayar Larabawa. Ta rasu a 1974. Tambayi ɗan Sudan A'isha Musa Ahmad, zai yi jim. Ce masa A'isha Fallatiyya, sai ya fara yi maka waƙarta.

11. Suna biyu, ƙaddara biyu

Bakhita na nufin mai sa'a. Masu fataucin bayi ne suka laƙaba shi ga wata yarinya da suka sato daga Darfur, wadda firgici ya sa ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata. A 1883 wani jami'in jakadancin Italiya ya saye ta a Khartum, ta ƙare rayuwarta a Italiya a 1947, cocin Katolika kuma ta sa ta cikin waliyyanta a 2000, da wannan suna na bayi.

Azza kuwa ɗaukaka ce. Sunan matar Ali Abdul Latif ne, jagoran ƙungiyar Farar Tuta da ta yi wa Ingila bore a 1924, kuma tun da Khalil Farah ya yi waƙa da sunan, ya zama kinaya ga ƙasar Sudan kanta. A zanga-zangar 2019 aka sake tono wani tsohon laƙabi, Kandaka, na sarauniyoyin Meroe ta dā, aka riƙa kiran matan da suka fito titi da shi.

12. Ranar suna, da ranar cika fom

Simaya suke ce wa bikin, ran bakwai, da yankan rago, kamar namu. Da mu da su mazhabar Malikiyya muka gada, wadda a cikinta rago ɗaya ya wadatar, mace aka haifa ko namiji. Mai jego takan yi kwana 40 a ɗaka, kuma a tsohuwar al'adar mutanen bakin kogi, ranar fitarta Nilu ake kai ta da jaririyar a wanke musu fuska, lokacin da tamu ke shirin yawon arba'in.

Rigimar jerin sunayen kuwa tana tasowa ne a ƙasar waje, musamman tun da yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tarwatsa miliyoyin mutane. Ɗauki misali: uba Usman Tayyib Bashir Hamad, 'yarsa Amna Usman Tayyib Bashir. A gidan fom da aka ware wa sunan zuriya, shi Hamad ne, ita Bashir, uwar kuma wani suna na uku. Ga shi Muhammad Ahmad ko Muhammad Usman sau da yawa sunan mutum ɗaya ne, kwamfuta kuwa biyu take ƙirgawa. Magabatanmu da rajistar makarantar boko ta matsa musu, gari suka ɗauka, aka sami Aminu Kano da Shehu Shagari. Iyalan Sudan da yawa a Turai da Amurka kaka ɗaya suke zaɓa su tsayar da jerin a kansa, kuma jikokin da za a haifa can da shi za su amsa, ko sun san shi ko ba su sani ba.